WA KE DA FAGE? Sharhi a kan Harshen Wasannin Maza a Ƙasar Kaoje

1. Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da ware wani kashi na waƙoƙi suka ba shi suna waƙoƙin maza, watau waƙoƙin 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta. An yi musu sharhi mai yawa, an yabi zafin zugarsu da kaifin zambonsu, an nuna yadda makaɗi ya kan sa mai tsoro ya manta da tsoronsa. Haka kuma littattafan al'adu da a ke karantarwa a makarantu, tun daga irin su Hausa Customs da aka buga a Zariya cikin 1968, sun kafa al'adar tsara abubuwan Hausawa babi-babi, har ya zama ɗalibi ya kan haddace wasanni kashi-kashi: ga na maza, ga na mata, ga na yara. Wannan aiki ya yi amfani, gama ya hana abubuwa da yawa ɓacewa. Amma fa akwai tambaya guda da ya bari ba a yi ba, ita ce: wa a ke bari ya shiga fage, wa kuma a ke tsayarwa bakin da'ira, da wace magana a ke tsayar da shi?

Nufin wannan takarda shi ne a auna wannan tambaya da ma'aunin harshe, a kuma auna ta a wurin da ba Bahaushe kaɗai ke zaune ba. Abin da za a nuna shi ne fagen wasa ya buɗe ƙofofi biyu waɗanda zaman yau da kullum ya rufe, watau ƙofar asali da ƙofar sana'a, amma ya bar ta uku a garƙame, kuma makullin nan nata cikin kalmomin yabo ya ke, waɗannan kalmomi da masu sharhi suka fi sha'awa.

2. Ƙasar Kaoje

Kaoje tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, a Jihar Kebbi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato cikin 1991. Ƙasarta tana ƙetaren kogin Kwara, tana iyaka da Jamhuriyar Benin wadda a da a ke kira Dahome. Tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, hakiminta kuwa Sarkin Bargu a ke ce masa. Wannan sarauta ita kanta tarihi ce a taƙaice, domin ta nuna ƙasar gefen Bargu ce, wadda Ingila da Faransa suka raba tsakaninsu da yarjejeniyar 1898, suka bar dangi ɗaya rabi nan rabi can.

Wanda ya ratsa kasuwannin wannan yanki, daga Kaoje zuwa Illo, Lolo da Tsamiya, zai ji Fulatanci da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, zai kuma ji harsunan Boko da Busa da Kyanga, waɗanda masana ke lissafawa cikin dangin Mande, ba su da zumuncin asali da Hausa ko kaɗan. Masu jin harshen Boko suna nan a ƙasar Kaoje, suna kuma can Segbana ta Benin. Hausa ita ce harshen ciniki da ya haɗa kowa, amma mutane da yawa a kasuwa suka same ta, ba a nonon uwa ba.

Saboda haka in an ce wasannin Hausawa a irin wannan wuri, sai a yi hattara. Kokawa ba ta Bahaushe ba ce shi kaɗai. Zabarmawa da Dandawa suna da tasu, da sunanta cikin harshensu. Dakarkarin Zuru, a cikin jihar nan dai, sun shahara da ita tun kaka da kakanni. Kiran abin da al'ummu da yawa suka haɗu a kansa da sunan al'umma ɗaya shi ne kuskure na farko da tsarin babi-babi ya jawo, a bakin iyaka kuwa kuskuren ya fi fitowa fili.

3. Ƙofar asali

A fara da kalmar fage ita kanta. Fage sarari ne da aka share, ba bango, ba ƙyaure, ba mai gida. Nan a ke sussuka, nan a ke wasa, shi ya sa lokacin kokawa na gargajiya shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da hatsi ya wadata, jiki ya murmure, farin wata ya fito. Da'irar 'yan kallo ita ce katanga, katangar nan kuwa ta kan buɗe wa duk wanda ya ɗaura ɗamara.

Dokar kokawa gajeruwa ce, har ba ta bukatar tafinta: wanda ya sha ƙasa ya faɗi. Ba a tambayar ɗan kokawa sunan kakansa, ba a tambayarsa ko daga wane gefen iyaka ya kwana. Ƙalubale ma da jiki a ke yinsa, ta miƙa hannu ko tsugunawa gaban abokin karawa. Sa'an nan ga take, watau kiɗan da makaɗi ya keɓe wa kowane gwani. Take magana ce da ba ta da ƙabila. Bazabarme ya kan ji takensa ya zabura kamar yadda Bakabe ya ke yi, ko da ya ke kirarin da za su yi bayan haka da harshe daban-daban ne.

Wani abu da ya sauƙaƙa wannan cuɗanya shi ne wasan barkwanci tsakanin al'ummu, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Katsinawa da Kabawa. Inda akwai wannan, zagi ya kan zama gaisuwa. Hukumar UNESCO ta sa irin wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin jerin abubuwan gado na duniya a 2014. Zambon fage ɗan'uwan wasan barkwanci ne: ana faɗin magana mai zafi, a kwashe da dariya, a watse ba gaba. Abin lura shi ne wanda aka yi wa zambon yana nan tsaye, yana da bakin ramawa, yana kuma da ƙwanjin ramawa. A riƙe wannan batu, za a komo kansa.

Akasin kokawa shi ne sharo, wanda Hausawa ke kuma kira shaɗi. Wannan wasa na samarin Fulani ne, inda saurayi ke tsayawa a tsula masa bulala bai ko ƙifta ido ba, sa'an nan ya rama wata rana. Ƙofarsa a rufe ta ke ga wanda ba Bafulatani ba, amma rufewar nan ba ɓoye ta aka yi ba, gama sharo jarrabawa ce ta cikin dangi, ba gasa ce ta kowa da kowa ba. Mai sharhi ba shi da ƙara a kan wasan da ya faɗi iyakarsa a fili. Ƙararsa tana kan wasan da ke cewa na kowa ne alhali kuwa ba haka ba ne.

4. Ƙofar sana'a

Dambe ya fara a rufe, ya ƙare a buɗe, labarin buɗewarsa kuwa yana cikin sunayen 'yan damben. Sa'ad da Clapperton ya zauna Kano cikin 1824 ya nemi ganin dambe, ya kuma rubuta cewa 'yan damben sun zo masa da kiɗa, da taron mahauta a bayansu. Watau tun wancan zamani dambe wasan Rundawa ne, kalangu kuwa, wanda shi ne kiɗan fawa, shi ne kiɗansa. A tsarin zaman Hausawa na da, inda a ke bambanta sana'ar gado da shigege, mahauci da makaɗi duk a ƙasan tsani aka ajiye su. Masu sarauta da malamai ba su cika ba su aure ba. To, ga wasa na mutanen da aka raina, da mawaƙan da aka raina, ya zama abin da birni da ƙauye ke rububin kallo.

Mawaƙan da suka yi wannan aiki sanannu ne. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya ɗauki Shago ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba, har karon Shago da Ɗandunawa ya zama labarin da waɗanda ba su taɓa ganin dambe ba suka sani. A ƙasar Kabi kuma ga Illon Kalgo. Gwanintar waɗannan mawaƙa ita ce sun ari kayan yabon fada, watau jero asali, da kwatanci da manyan namun daji, da ambaton garuruwan da aka ci, suka yafa wa ɗan talaka. Wanda ba shi da gidan sarauta sai aka gina masa gida da waƙa. Wannan juyi ne babba cikin adabin Hausa, ya kuma cancanci duk yabon da aka yi masa.

A duba kuma yadda 'yan dambe ke raɗa suna a yau. Za a ji Shagon wane, Autan wane, Dogon wane, Bahagon wane. Wanen nan ba uban da ya haifi mutum ba ne, ubangidansa ne na fage, wanda ya koya masa naɗa kara da kai naushi. Sunan Shago, wanda a da na mutum guda ne, ya koma kalmar da kowane yaro mai tasowa zai iya ɗauka. Ta fuskar nahawu ginin daidai ya ke da na ɗan wane ko jikan wane, sai dai an cire jini an sa tarbiyya a gurbinsa. Da wannan dabara manomi da makiyayi da ɗan ƙwadago suka shigo wasan mahauta ba wanda ya ce musu shigege. Rundunonin da a ke kasa 'yan dambe a cikinsu, watau Kudu da Jamus da Guramaɗa, su ma ba sana'ar uba su ke tambaya ba.

Kalmar Bahago ta fi kowace ban sha'awa. A gida a kan tsawata wa yaro in ya ci abinci ko ya karɓi abu da hagu, har a kan ɗaure masa hannun don ya bari. A fagen dambe kuwa bahago abin tsoro ne, don naushinsa ta inda ba a zata ba ya ke fitowa, saboda haka abin da ya ke aibi a gida ya zama laƙabi na alfahari a fage. Wannan shaida ce cewa harshen fage yana iya wanke kalma, ya mai da abin gori abin yabo, in dai ya ga dama. Tun da ya ke yana iyawa, ya zama daidai a tuhume shi a inda ya ƙi.

5. Ƙofar da ba ta buɗe ba

Babbar kalmar yabo cikin waƙoƙin nan ita ce namiji, da jam'inta maza ko mazaje. Ba jinsi kaɗai ta ke nufi ba, ta haɗa ƙarfin zuciya da jimiri da cika alkawari. A kan ce an yi namijin ƙoƙari, a kan ce faɗuwar gaba asarar namiji, a kan ce namiji barkono ne sai an tauna a san yajinsa. Duk wannan ba laifi, in da a nan aka tsaya. Amma kalma ba ta samun nauyi sai da kishiyarta. In namiji ya zama sunan jarunta, me ya rage wa mace ta zama? Amsar tana cikin zambo. Sa'ad da makaɗi ko ɗan ma'abba ya so ya kunyata wanda ya ja da baya, ɗakin mata ya kan shiga ya ɗebo kayan gori: a aika shi madafa, a ba shi zane, a ce ya koma cikin mata. Watau ana ɗaga mutum ɗaya da taka rabin jama'a.

A nan ne batun da aka ce a riƙe ya dawo. Zambon da a ke yi wa abokin karawa wasa ne, don yana da damar ramawa. Matar da aka ari sunanta aka yi zagi da shi ba ta cikin karon, ba ta da take, ba ta da makaɗi, ba ta da turmin da za ta fanshe. Zambo marar ramuwa ya fita daga barkwanci, ya zama hukunci. Masu sharhi sun sa iri biyun nan cikin kwando guda suka kira su salo, alhali kuwa bambancinsu shi ne bambancin wasa da zalunci.

Kada a ɗora wa nahawu laifin. Hausa ba ta rasa hanyar kiran mace gwana ba. Akwai jarumi da jaruma, gwarzo da gwarzuwa, gwani da gwana, zaki da zakanya, kuma duk wanda ya iya cewa ɗan kokawa ya iya cewa 'yar kokawa. Wuri guda ne harshe ya cije, shi ne kalmar zakara, wadda a ke kiran wanda ya ci gasa da ita. Matar zakara kaza ce, kaza kuwa ba yabo ba ce a bakin Bahaushe. Haka nan in mace ta yi fice cikin taron maza sai a ce kallabi tsakanin rawuna, kirarin Sarauniya Amina ta Zazzau ma da maza ya gwada ta. Ma'ana dai, al'ada ta yarda mace ta yi bajinta, amma da sharaɗin a lissafa bajintar aro ce.

Ba kuwa don mata ba su da wasan ƙarfi ba ne. Wanda ya ga lugude, inda mata ke jefa taɓarya sama su tafa su cafe ba a karya kiɗan turmi ba, ya ga gasa. A gaɗa yarinya ta kan saki jiki ta faɗo da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla sama, wannan kuwa yana bukatar ƙarfi da saiti da amana. Matar Fulani da ke ɗauko ƙoren nono daga ruga zuwa kasuwar Kaoje ta koma a yini guda ba ta bukatar a koya mata jimiri. Bambancin shi ne wasan namiji yana da tsani: daga dandalin ƙauye zuwa na gunduma, zuwa suna da kyauta da waƙar da za ta rayu bayansa. Wasan yarinya kuwa yana da wa'adi, ranar aure ya ke ƙarewa. Abin da ya rage mata shi ne kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida ranar biki. Barmani Coge, wadda ta rasu cikin 2013, ta nuna iyakar inda wannan hanya ta ke kaiwa, ta kuwa kai nesa, amma hanyar murya ce, ba ta jiki ba.

Ko bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu cikin 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, wanda kuma UNESCO ta karɓa a 2016, bai tsira daga wannan ba. Biki ne na sulhu da ya haɗa al'ummu, amma dubban da ke faɗawa ruwa da homa da gora maza ne, ko da ya ke sunan ruwan Matan Fada.

Akwai masu cewa addini ne ya hana. Wannan magana tana bukatar a tace ta. Abin da malaman jihadi, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu, suka yi wa'azi a kansa shi ne cakuɗuwar maza da mata da tsiraici da shagala, wannan kuwa damuwa ce ta gaskiya wadda mutanen Kaoje ba za su yar ba. Amma ya zo cikin hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Saboda haka batun na wuri ne da sutura da 'yan kallo, abubuwan da a ke iya tsarawa. Filin makarantar 'yammata mai katanga, da malama mace, ba ya karya wata doka. Abin da ke hana shi samuwa sau da yawa kunya ce, kunyar nan kuwa zambo ne ya haife ta.

6. Masu naƙasa

Haka al'amarin ya ke ga makaho da gurgu da kurma. Tsarin gargajiya bai manta da su ba, ya naɗa musu Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ya kuma buɗe musu hanyar ilmi da waƙa, har Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hausa da waƙoƙinsa na Imfiraji. Amma a fagen wasa matsayinsu biyu ne kawai: ko su zo bara bakin taro, ko a ari sunan lalurarsu a zagi mai lafiya da ya yi sake. Karin magana ma ta taya, da ta ce gurgu ya fi mai ƙafa ban haushi.

Amsar wannan ba daga Turai ta zo ba. Cikin 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shan inna ya taɓa, ya ƙago ƙwallon guragu, inda 'yan wasa ke zaune bisa katako mai tayoyi suna buga ƙwallo da hannu. Katakon nan shi ne wanda mutane suka saba gani a bakin titi a matsayin alamar bara, aka mai da shi kayan wasa. Wannan aiki irin na kalmar Bahago ne sak, sai dai wannan karon masu abin ne suka wanke sunansu da kansu. A gasar duniya kuma, a Landan cikin 2012, 'yan wasan Nijeriya masu lafiya sun komo hannu wofi, masu naƙasa suka komo da lambobi 13, shida na zinariya. A Riyo cikin 2016 masu lafiya tagulla ɗaya suka samu, masu naƙasa suka sami zinariya takwas. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairu 2019, an kuma tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga ƙasar a Agusta 2020. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan cikin kowane gari, doka kuwa ba ta share fage, mutane ke sharewa.

7. Sabon makulli

Wasannin nan sun tashi daga dandali sun shiga hannun hukuma da 'yan kasuwa, wannan kuwa ya zo da riba da hasara. A Nijar an fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, tun daga nan jihohi ke karawa don wannan takobi, har kokawa ta zama abin da ya fi haɗa Hausawa da Zabarmawa da sauran al'ummun ƙasar. Jihar Doso, maƙwabciyar Kebbi, ta fitar da gwanaye irin su Salma Ɗan Rani da Isaka Isaka. A gasar ƙungiyar ECOWAS da aka yi a Abuja cikin Maris 2025 an shigar da kokawar mata, a gasar Olamfik ta Tokiyo kuma Blessing Oborududu ta ci wa Nijeriya azurfa a kokawar zamani. Can Kasamas ta Senegal kuwa matan Jola sun daɗe suna kokawa bisa al'adarsu. Watau abin da a ke cewa ba ya yiwuwa ya riga ya yiwu a maƙwabta.

Hasarar ita ce an kewaye fage da langa-langa an sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Yaron da a da ya kan kutsa tsakanin ƙafafun manya ya koyi kaye da ido, yanzu sai ya leƙa ta huda. Gasar hukuma kuma tana tambayar takarda: ɗan wace ƙasa, ɗan wace jiha. A Kaoje wannan tambaya tana da nauyi, gama ta kan raba ɗan wa da ɗan ƙane, wannan ya zama ɗan gida wancan baƙo. Mutanen yankin sun ɗanɗana zafin irin wannan rabuwa sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019. Hatsarin da a ke ciki shi ne a yi asarar alherin tsohon fage, wanda bai san kuɗi ko fasfo ba, a kuma riƙe sharrinsa, watau a tashi a tutar babu.

8. Kammalawa

Ba a nufin a goge waƙoƙin Ɗan'anace ko na Illon Kalgo, ko a sake musu kalmomi. Mutanen zamaninsu ne, sun kuwa yi wa talaka aikin da ba wanda ya yi masa. Abin da a ke nema daga masu nazari uku ne. Na ɗaya, a daina lissafa zambo duka abu guda, a riƙa bambanta mai ramuwa da marar ramuwa. Na biyu, masu tattara adabin baka su tafi bakin iyaka su ɗauko kirarin kokawa cikin Dandanci da Boko da Fulatanci, su jera shi da na Hausa, don a ga abin da aka ara da abin da aka bayar, kafin tsofaffin da suka san shi su ƙare. Na uku, a ba gaɗa da lugude da ƙwallon guragu irin zurfin nazarin da aka ba dambe, a daina ajiye su ƙarshen babi kamar gyara.

Sauran aikin na makaɗa ne. Su ne suka ɗauki mahauci suka zaunar da shi inda 'ya'yan sarauta ke zama, su ne suka mai da hagu abin alfahari. Ranar da wani makaɗi a ƙasar Kabi ya ɗauki kalangu ko ganga ya yi wa 'yar tsere ko ɗan ƙwallon guragu take nasa na kansa, ba da aron sunan maza ba, ba kuma da muryar tausayi ba, ran nan ƙofa ta uku za ta fara motsi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.